Ranar da Alhaji Mutallib Ya Ɗaure Keke

Abdulmutallib ne sunansa na yanka, amma a Kasuwar Shanu ta Gamboru ba wanda yake da lokacin faɗin sunan duka, sai aka rage shi ya koma Mutallib. Alhajin daga baya ya zo, kuma tun da ya zo ba ya jin kira in ba a haɗa da shi ba.

Cikin Larabawan Shuwa masu bin shanu aka haife shi, can wajen Dikwa. Yana ɗan shekara goma sha biyar ciwon huhu ya share garken ubansu a damina ɗaya, shi da yayansa Yunus suka shigo Maiduguri, kowa da sandarsa, ba abin kiwo. Yunus ya zauna a bakin kasuwa yana tufka igiyar rama yana sayar wa fatake. Mutallib ya shiga cikin masu lodin shanu a manyan motocin da ke tafiya kudu.

A nan dai ba a hana shi haƙƙinsa: ya iya. Zai tunkari bajimin da ya gagari mutum huɗu, ya jefa masa zarge a ƙaho, ya harɗe shi, kafin ka ƙifta ido sa yana ƙasa, ƙafafu huɗu a haɗe wuri ɗaya, gwiwar Mutallib a kan haƙarƙarinsa. Da wannan ya yi suna, da shi ya zama dillali, ya yi gida, ya je Makka. Abin da ya ɓata shi, daga nan sai ya yanke hukuncin cewa duk abin da Allah ya halitta da wanda ɗan Adam ya ƙera, sa ne. Ya taɓa ɗaure wa 'yarsa katifar aure a bayan a-kori-kura, aka sauke ta da ƙugu kamar turmi, haka ake kwana a kanta har yau. Ya ɗaure firjin maƙwabcinsa, ƙofar ba ta sake rufuwa ba. A duka biyun, in ka tambaye shi, kayan zamani ne ba su da ƙwari.

Sai ruwa ya zo, a Satumbar 2024. Wannan kam ba abin dariya a cikinsa. Kwana biyu Mutallib ya yi a kan rufin gidansa da iyalinsa da maƙwabta, ba ci, rana na dukansu, suna kallon shanu na wucewa ƙarƙashinsu ƙafafu a sama. Mutanen unguwar har yanzu in hadari ya haɗo sai ka ga hira ta tsaya, kowa na duba wayarsa, wasu na ɗaga kayansu kan kujera ba tare da sun san suna yi ba. Shatin ruwan yana nan a bango, ya wuce kan mutum. Kowa da yadda abin ya bar shi. Wani ya daina barci, wani ya koma Kano, wani ya daina magana sosai.

Shi Mutallib mota ya saya.

Wata doguwar farar bas ce tsohuwar Turai, da aka shigo da ita ta Kwatano, irin wadda Turawa ke zuwa yawon shan iska da ita. A ciki akwai gado, da murhun gas, da ɗan wurin wanke kwano, da labule mai hoton itatuwan da ba a taɓa gani a Borno ba. Hujjarsa ita ce ruwa ba zai sake samunsa a gidan da ba ya motsi ba. Ba wanda ya tuna masa cewa motocin unguwar su ne suka fara nutsewa, domin Alhaji ba mutumin da ake tuna wa abu ba ne. Ya ajiye ta a ƙofar gida, ya hana shiga da takalmi, yana buɗe wa baƙi famfon ciki su ga ruwa na zuba. Tuƙin ma a kanta ya koya, yana da shekara sittin da ɗoriya. Abu ɗaya ke cin ransa: wata biyu ke nan, ba a samu wata tafiya da za a ce motar ta yi amfani ba.

Yunus kuwa ruwan bai bar masa komai ba. Gidansa na ƙasa ne, ya narke kamar sukari a shayi. Dama idanunsa sun daɗe da tafiya, a hankali suka dushe shekara goma da suka wuce, amma hannunsa bai manta tufka ba, kuma fatake ba sa sayen igiyar kowa in tasa tana nan. Abin da ke kai shi kasuwa keke ne mai sirdi biyu da feda huɗu. Wani mai walda, Gambo, shi ya haɗa masa daga kekuna biyu, ya yanke gaban ɗaya da bayan ɗaya ya jone su a tsakiya. A garin da aka hana hawan babur shekara da shekaru, keke ba abin kallo ba ne, amma wannan kowa ya san shi. Maƙwabcinsa Jona, dattijo mutumin Biu mai gyaran takalma a bakin kasuwar, shi ke gaba yana riƙe kan. Yunus na baya, damin igiya a kafaɗa, yana taka feda da ƙarfin da Jona ke cewa wata rana zai jefa su kwalbati. A kan keken nan kaɗai ne ba a jan Yunus da sanda. Shi ke tura wani.

Da ruwa ya taso, Jona bai ɗauki akwatinsa ba, keken ya ɗaga ya saƙale a reshen dogon yaro. Keken ne ya tsira.

Mutallib yana da wasu ɗakuna biyu a Gomari, wajen filin jirgi, inda ruwa bai kai ba. Ya ba yayansa su, ya kuma tabbatar ba wanda ya rage a kasuwa bai ji labari ba. Jona ma can ya koma gidan ɗansa, layi biyu tsakani. Daga Gomari zuwa Gamboru tafiya ce, a ratsa gari daga wannan gefe zuwa wancan. Da keken, dattawan biyu sun lissafa sa'a guda da safe, sa'a guda da yamma. Ba keken, Yunus ba shi da kasuwa.

Ranar tashi, da hantsi, Mutallib ya iso da motar yana danna ham. Kayan ba yawa: tabarmi, tukwane biyu da aka tono daga laka, buhun rama, sai Zaratu matar Yunus da ƙullin tufafinta. Jona ya jingine keken a bango yana goge masa sarƙa da tsumma.

"Ku yi gaba da kayan, Alhaji," in ji Jona. "Ni da Malam za mu biyo ku a hankali. Kafin azahar mun iso."

Mutallib ya dube shi kamar ya zage shi. A ransa ya riga ya ga hoton: motarsa ta ratsa unguwar Kwastam, ta ratsa Fos Ofis a tsakiyar gari, yayansa a ciki kan gado, keken a sama kowa na nunawa. Yanzu kuma wannan mai gyaran silifa yana so a ga ɗan uwansa uwa ɗaya uba ɗaya yana haki a bayan motar, a ce Alhaji ya ɗauki tukwane ya bar makaho.

"Baba Jona, ina raye, ina da wannan," ya buga tafin hannu a jikin motar, "Ya Yunus ya taka feda ranar tashinsa? Me mutane za su ce?"

"Kullum takawa nake yi, mutane ba su ce komai ba," in ji Yunus.

"Yau ba kullum ba ce."

"Alhaji, abin nan dogo ne," Jona ya ce. "Tsakiyarsa jone ne. Gambo ya ce kada a kwantar da nauyi a kai, kada a..."

"Gambo yana ina?"

"Ya koma Kano."

"To ni ina nan. Shekara arba'in ina lodi. Na ɗaure san da ya fi motar nan nauyi, ya je Legas ya sauka da ƙafarsa. Keke ne zai gagare ni?"

Zaratu ta gyara lafayarta, ta ce, "San yana da walda a tsakiya, Alhaji?"

Mutallib ya kau da kai. Bai taɓa amsa wa matar yayansa ba tun da aka kawo ta, ya ɗauki hakan a matsayin kunya, ita kuma ta san tsoro ne. Yunus ya ɗora hannunsa a kan sirdin baya. Mutumin da zai kwana a ɗakin ƙaninsa yau bai da bakin musu mai tsawo.

"To. Amma a hankali, Mutallib."

"Kawo igiya, Ya Yunus. Taka, sabuwa."

Ya tuɓe babbar riga, ya hau saman motar, abin da ya daɗe bai yi ba, jikinsa kuma ya tuna, har wani daɗi ya ratsa shi. Maƙwabta biyu suka miƙa masa keken. Ya kwantar da shi a gefe ɗaya kan ƙarafan saman, ya tsaya yana nazarinsa yadda yake nazarin dabba. Ga ƙaho, har biyu ma, kan gaba da na baya. Ga ƙafar gaba, ga ƙafar baya, sun yi nisa da juna, kuma duk ɗan kasuwa ya san abin da ƙafafunsa ke nesa da juna shi ke harbi. Sai ya zura igiya ta cikin tayar gaba, ya zaro ta ta cikin tayar baya, ya yi zarge, ya kafa gwiwa a tsakiyar keken, daidai kan jonen Gambo, ya ja.

Wani abu ya yi ƙara, siririya, kamar an taka gwangwani.

"Mene ne wannan?" in ji Yunus daga ƙasa.

"Zama yake yi."

"Alhaji, don Allah ba a haɗa tayoyin!" Jona ya ɗaga hannu biyu. "A ɗaure kowace a inda take!"

"Ka taɓa lodi?"

"Ban taɓa ba, amma..."

"To shiga mota. Ka cire takalmi."

Aka kama hanya. Yunus da Jona a kan gadon baya, Zaratu a ƙasa kusa da murhun gas, ta rungume tukwane. Mutallib na tuƙi da hannu biyu, ƙirji a manne da sitiyari, yana leƙen masu kallo ta gefen ido. Ana kallo kuwa. Ya ji motar ta fara biyansa.

Akwai wata ƙa'ida ta masu lodi da Mutallib yake alfahari da ita fiye da ƙullin kansa. Sa in an ɗaure shi, yakan kumbura ciki ya ƙanƙame jiki, sai mota ta ɗan yi tafiya ya saki, igiya ta yi sako-sako. Saboda haka gwani ba ya ɗauri sau ɗaya. Zai yi tafiya kaɗan, ya tsaya, ya sake ja. Ragwaye ne ke wucewa, su ne kuma ake kwashe shanunsu a titi. Suna wuce shataletalen Kwastam ya faka, ya hau sama, ya sa yatsa a igiyar. Ta saki. Ya yi murmushi, domin abin da ya sani ne ya tabbata. Ya kafa gwiwa, ya ja, ya ƙulle.

"Me ka yi?" Yunus ya tambaya da ya dawo.

"Igiya ta saki, na ƙara mata."

"Igiyar wa?"

"Taka mana."

"Igiyata ba ta saki, Mutallib."

"To yau ta saki."

Wajen Fos Ofis hanya ta yi ramuka inda ruwa ya ci kwalta, motar na tsalle, tukwanen Zaratu na kaɗawa. Da suka fita daga ramukan ya sake tsayawa. Wannan karon sakin ya fi na farko, har hannunsa duka ya shige ƙarƙashin igiyar. Ya lura tayoyin sun matso kusa da juna, ya ji daɗin haka, alamar abu ya fara ladabi. Yana cikin ja sai ya ji ana buga rufin motar daga ciki, da tafin hannu, da ƙarfi.

Ya sauko ya leƙa ta taga. Yunus ne a tsaye, kansa a sunkuye saboda rufin, fuskarsa ta juya wajen da ba kowa.

"Ka saurare ni. Igiyar nan ni na tufka ta, rama uku-uku, na jiƙa ta na shanya ta sau biyu. Ko raƙumi ka rataya ba ta ƙara ɗan yatsa. In ka ga ta saki, ba ita ce ta saki ba. Wani abu ne yake ba da kai. Kwance shi. Mu sauka a nan, mu ƙarasa da kanmu."

Masu Keke Napep biyu sun tsaya suna kallo, da wata mai sayar da gyaɗa. Mutallib ya ji idanunsu a ƙeyarsa. A kwance ɗauri a tsakiyar titi, gaban jama'a, don makaho ya ce? Shi da ake kira daga wata kasuwa in sa ya gagara?

"Ya Yunus, ba raini ba, amma kai ba ka gani. Ni ina gani. Hannunka ne ya fara tsufa, igiyar ba kamar da ba. Ba laifi ba ne, kowa na tsufa."

Zaratu ta ajiye tukunya. "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Shekara arba'in da igiyar mutumin nan kake cin abinci."

"Zauna, Malam," Jona ya ce a hankali, ya kama hannun Yunus. "Zauna kada ka buge kai." Muryarsa ta wanda ya riga ya leƙa sama ya ga abin da ya gani ce.

A hanyar filin jirgi ya tsaya karo na uku. Ba wanda ya ce masa komai. Wannan ya ɗauka a matsayin sun gane.

Suka isa Gomari kafin azahar, daidai lokacin da Jona ya ce za su iso a kan kekensu. Mutanen layin suka fito ganin mota mai gado. Mutallib ya hau ya warware ƙullinsa da ja ɗaya, yadda yake so a gani, aka sauko da keken. Da aka tsayar da shi sai ya ƙi tsayuwa. Tsakiyarsa ta lanƙwashe ta yi gwiwa, tayar gaba na kallon gabas, ta baya na kallon kudu, ta bayan ma ta murɗe kamar faifan da aka zauna a kai. Wani ya fara dariya, ya dubi Yunus, ya haɗiye ta.

Yunus ya ce a kai shi. Ya durƙusa, ya fara daga kan gaba, yana bin ƙarfen da yatsunsa, sirdin Jona, sandar tsakiya, har ya zo kan jonen. A nan yatsansa ya shige cikin tsaga. Ya daɗe a wurin bai ɗaga ba.

"Dama can a ruɓe yake," in ji Mutallib, ga jama'a, ba ga yayansa ba. "Ruwa ya ci shi ta ciki. Allah ne ya sa a saman mota ya nuna, ba a ƙarƙashinsu ba. Da yanzu wani zancen ake yi. Ku ce alhamdu lillahi."

Wasu suka ce. Alhaji ne, kuma shi ne mai gidan.

Akwai mai walda a bakin layin, Ba'ana, aka tura keken wurinsa, ana ɗaga bayan saboda tayar ba ta juyawa. Ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa nan da can da ƙaramar guduma, ya tsuguna ya leƙa tsagar.

"Mota ce ta bi ta kai?"

"Ɗauri ne," in ji Zaratu.

"Baba, gaskiya zan gaya maka," Ba'ana ya ce wa Yunus. "Sandunan biyu sun murƙushe, ba wurin da wuta za ta kama. In na miƙar na liƙa, zai yi kyau a ido, ranar da kuka shiga rami ya rabu biyu da ku a kai. Sabo kuma ban taɓa haɗa irinsa ba, ban san yadda mai shi ya daidaita sarƙar ba, ba zan koya a kan dattawa biyu ba. Abin da zan iya, in yanke daga nan, in fitar da keke ɗaya lafiyayye daga gaban."

"Ba komai," Mutallib ya ce da sauri. "Zan sa a kawo na Turawa daga Kwatano, na asali, ba haɗe-haɗe ba. Kafin nan ni zan riƙa kai ka kasuwa a mota, kullum."

Duk wanda ke wurin da ya san Alhaji ya san tsawon kullum ɗinsa.

"Malam, a bar shi haka tukuna," in ji Jona. "Mu nemi lambar Gambo."

Yunus ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa. "Gobe kasuwa ce, Jona. Kana da takalman mutane a hannunka. Ba za ka zauna ba don ni na zauna." Ya juya wajen da ya ji muryar mai walda. "Yanke, ɗana. Ka gyara masa gaban da kyau. Ka sa masa wurin ɗora kaya a baya, zai riƙa tafi mini da igiya."

Ba'ana ya jawo abin yanka. Zaratu ta kama hannun mijinta ta juya da shi wajen sabon ɗakinsu, kada tartsatsi ya same shi, ko kada ya ji ƙarar a kusa. Jona bai bi su ba, bai kuma kalli aikin ba, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Mutallib shi ya kalla, har ƙarshe. Da bayan keken ya faɗi gefe, sirdi ɗaya da feda biyu da sanduna, sai ya tsaya yana auna shi da ido. Ƙarfe ne mai kyau, a bar shi ya lalace asara ce, kuma yau sau biyar yana hawa saman motar nan da ƙyar, yana taka taya yana kama taga, abin da bai dace da mutum irinsa ba. Ya taɓa guntun da ƙafa.

"Ba'ana, wannan ragowar. Ba za ta yi mini ɗan tsani a bayan mota ba?"

Ba'ana ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube shi, ya dubi bayan Yunus da ke tafiya a hankali, hannu ɗaya a kafaɗar matarsa.

"Ba naka ba ne, Alhaji. Ka tambayi mai shi."

Mutallib kuwa ya ɗaga murya ya tambaya, daga nan inda yake tsaye.

Yunus bai juyo ba. "Ɗauka," ya ce. "Ni na gama hawa."